Filin Tambaya da Amsa: Gasar rukuni da ribar gida a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: garin da ake kai gasar ƙarshen kaka ta rukunan jami'o'in Amurka, da wanda ke cin moriyar hakan. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ba. Ina ganin da Maris ya kama sai magoya baya su shiga cacar baki a kan garin da za a yi gasar rukuninsu. Ai fili fili ne, kwando kuma tsayinsa ɗaya. Mene ne abin faɗa a nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Ta fannin awo gaskiyarka ne: tsawon fili ƙafa 94, faɗinsa ƙafa 50, kwando kuma ƙafa 10 daga ƙasa, ko ina aka je. Abin da ake ci idan an yi nasara shi ne ya sa ake ta da jijiyar wuya.

Jami'o'in da ke babban ajin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, sun haura 350, an kasa su rukuni-rukuni, abin da su can suke kira konfarens. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris kowace ƙungiya tana buga wasa wajen talatin, na bayan sabuwar shekara kusan duk da 'yan rukuninta. Da an gama sai a jera su bisa yawan nasara, a shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale, yawanci ta 'yan kwanaki a jere. Wanda ya ɗaga kofin ya samu gurbi kai tsaye a gasar ƙasa da ake kira March Madness, wadda aka mayar mai ƙungiyoyi 68 a 2011. A 2025 gurbi 31 na zakarun rukunai ne, sauran 37 kuwa kwamiti ne ya zaɓa.

Waɗannan 37 ɗin manyan rukunai ne ke kwashe kusan dukansu. A 2025 rukunin SEC ya shigar da ƙungiyoyi 14 cikin 16 da yake da su. Saboda haka idan babbar ƙungiya ta faɗi a gasar rukuninta, iyaka a rage mata matsayi a jadawalin ƙasa. A ƙananan rukunai kuwa ƙofa ɗaya ce tak. Ka yi wata huɗu kana lallasa kowa, a doke ka da maki ɗaya a wasan ƙarshe, shi ke nan sai baɗi. A dā ma haka abin yake ga manya: a 1974 NC State ta ci Maryland 103 da 100 bayan ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na rukunin ACC a Greensboro, Maryland ta zauna a gida alhali tana cikin ƙungiyoyi biyar mafi ƙarfi a ƙasar. Shekara na zagayowa aka sassauta dokar da ta taƙaita kowane rukuni ga ƙungiya ɗaya.

Tsarin wuri kuma iri uku ne. Wasu sun kafe a gari ɗaya, kamar Missouri Valley da ke St. Louis tun 1991. Wasu suna zagayawa. Wasu kuma duk wasa a ɗakin wanda ya fi matsayi ake yin sa.

Tambaya: St. John's tana buga wasu wasanninta na gida a Madison Square Garden, a New York, kuma nan ake gasar rukunin Big East. UNLV ta Las Vegas ma a ɗakinta na Thomas & Mack ake gasar rukunin Mountain West. Wannan ba cin zali ba ne ƙiri-ƙiri?

Amsa: A ido haka ne, ɗan'uwa, amma bari mu ƙirga kofuna. Tun 1983 ake gasar Big East a Madison Square Garden, kuma daga lokacin zuwa 2025 sau huɗu St. John's ta ɗauka: 1983, 1986, 2000 da 2025. Shekara 25 ta yi tana kallon wasu suna ɗaga kofi a ɗakin da take kira gida. UNLV ta ci a 2007 da 2008, daga nan zuwa 2025 ba ta ƙara ba, har sau biyu aka doke ta a wasan ƙarshe a ɗakin nata, San Diego State a 2010, New Mexico a 2013.

Dalili shi ne a makon gasar ɗakin ya fita daga hannun jami'ar. Rukunin ne ke shimfiɗa katakonsa mai tambarinsa, shi ke kawo mai sanarwa, shi ke raba tikiti tsakanin dukan jami'o'in. Ɗaliban da suka saba cika bayan kwando suna ihu a kunnen baƙo, a wannan makon 'yar kusurwa ake ba su daidai da ta kowa. Ɗaki mai ɗaukar mutum kusan dubu ashirin a tsakiyar New York kuwa, duk mai kuɗin jirgin ƙasa yana iya cika shi. Magoya bayan UConn, jami'ar Connecticut, sun sha yin haka, har suna yi wa wurin laƙabi da Storrs ta Kudu, wato sunan garin jami'arsu.

Inda ƙorafinka ya fi zama daram shi ne rukunin Ivy. Sai a 2017 suka fara gasar, ƙungiyoyi huɗu na sama kaɗai ke shiga, kuma a ɗakin ɗaya daga cikin jami'o'in aka riƙa yin ta, wanda aka tsayar tun kafin a san wa zai zo na ɗaya. A shekarar farko Princeton ta ci dukan wasanninta 14 na rukuni, ladanta shi ne ta kara da Penn, ta huɗu, a Palestra, ɗakin Penn ɗin. Da ƙyar ta sha, sai da aka je ƙarin lokaci. A 2018 Harvard ce ta ɗaya, Penn ta doke ta a Palestra. A 2019 Harvard ce dai ta ɗaya, Yale ta doke ta a ɗakin Yale, wanda bai kai kujera dubu uku ba. A 2023 Yale ce ta ɗaya, ita ma ta ɗanɗana kuɗarta a ɗakin Princeton. Adalci ya sa mu ƙara da cewa a duk shekaru ukun na ƙarshe ƙungiyoyin biyu kunnen doki suka yi a teburi, ƙa'idar raba gardama ce ta ɗora ɗaya a sama, don haka ba mai rantsewa cewa ɗaki ne ya ci wasan. Sai dai idan ƙarfi ya zo ɗaya, ɗaki ƙarami, gurbi kuma ɗaya, maki biyu ko uku na gida sun isa su raba gardama. Mu a ganinmu wannan ne tsarin da ya fi wuyar karewa, don gidan da aka samu ta hanyar juyi ba guminka ne ya ba ka shi ba.

Tambaya: Kullum ana cewa "ribar gida". Takamaimai mece ce, kuma maki nawa ce?

Amsa: Masu lissafin wasan sukan ƙiyasta ta a wajen maki uku zuwa huɗu a wasan da aka saba tashi da saba'in da wani abu. Ba abu ɗaya ba ce, kuma sassanta ba duka ke bin ƙungiya zuwa gasar rukuni ba.

Babban sashe shi ne usur. Alƙalai uku ne a fili, kuma yawancin hukuncinsu a kan gogayyar jiki ne da ke faruwa cikin ƙiftawar ido: mai kai hari ne ya banke mai tsaro, ko mai tsaron ne bai tsaya da ƙafafunsa ba? Mutum dubu goma suka yi kuwwa lokaci ɗaya, ɗan Adam ne, wani lokacin hannunsa zai bi kuwwar ba da niyya ba. Illar kuma tana taruwa. A wasan maza rabi biyu ne na minti 20. Da ƙungiya ta yi laifi na bakwai a rabi guda, abokan karawarta sun fara samun jifan kyauta, irin wanda sai na farko ya shiga ake ba da na biyu. Daga laifi na goma jifa biyu ne cur. Ɗan wasa kuma laifi biyar ke fitar da shi, shi ya sa koci kan zaunar da gwaninsa da zarar ya yi biyu kafin hutun rabin lokaci. Ka ga busa ɗaya da ta karkata a minti na shida tana iya cire wa baƙi dogonsu har minti goma sha huɗu. Wannan sashen yana bin yawan 'yan kallo, ko a ɗakin wa ake.

Sai ido da hannu. Mai jifa daga nesa ya saba da abin da yake gani a bayan allon kwandonsa. A ƙaramin ɗaki bango ko 'yan kallo na nan kusa, a babban ɗaki kuwa sarari ne fetal a bayan gilashin, kuma a gasar rukuni da ake jera wasa huɗu a rana lokacin gwaji kaɗan ne kowa ke samu. Ƙwallon ma ba iri ɗaya ba ce. A cikin kaka mai masaukin baƙi ne ke kawo tasa, wannan Nike, wancan Wilson ko Adidas, kowace da irin kamunta a tafin hannu. A gasar ƙasa Wilson ake amfani da ita, shi ya sa masu horarwa kan shigo da ita atisaye tun kafin lokacin.

Sai gajiya: jirgi, otal, bambancin agogo, da tudu. Ɗakin Wyoming a Laramie yana kan tsayin ƙafa 7,220 daga teku, baƙon da ya zo daga gaɓa yakan fara haki tun rabin farko. Kai gasar Mountain West Las Vegas yana kashe wa Wyoming wannan ribar ɗungurungum, ita kuwa UNLV 'yan wasanta ko jirgi ba su hau ba.

Duk da haka, a makon gasar hutu ya fi gari tasiri. Na sama sukan tsallake zagaye ɗaya ko biyu, su tarar da wanda ya riga ya buga jiya da shekaranjiya. Shi ya sa har yau ake labarin UConn ta 2011 da NC State ta 2024, waɗanda kowacce ta ci wasa biyar cikin kwana biyar. Ba don abin yana da wuya ba, da tuni an manta da su.

Tambaya: Ni Texas nake goya wa baya tun tana Big 12. Kullum a Kansas City ake gasar, ƙofar gidan Kansas. Me ya hana a riƙa zagayawa kowa ya ɗanɗana?

Amsa: Ranka ya daɗe, kujerun da babu kowa a kansu ne suka hana. Lawrence, garin jami'ar Kansas, bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba daga Kansas City, kuma tun 2010 gasar take can a jere. Rukunin ya taɓa gwada Dallas da Oklahoma City, ya dawo inda ɗaki ke cika tun ranar farko. Wasan ranar Laraba da tsakar rana tsakanin ta takwas da ta tara shi ne ma'auni, don wasan ƙarshe ko ina aka kai shi zai samu jama'a.

Amma duba wanda ya fi cin moriyar wurin. Daga Ames, garin Iowa State, tafiyar awa uku da wani abu ce, kuma magoya bayansu kan yi ɗango su sauka a garin, har suna kiran ɗakin Hilton ta Kudu, da sunan ɗakinsu na gida. Sun ɗauki kofin a 2014, 2015, 2017, 2019 da 2024, biyu daga ciki Kansas ɗin suka doke a wasan ƙarshe. Texas ɗinka ma ai a nan ta ba Kansas kashi 76 da 56 a wasan ƙarshe na 2023. Haka magoya bayan Kentucky ke mamaye gasar SEC, ko a Nashville ko a Atlanta. Rukunin West Coast ba shi da jami'a ko ɗaya a Las Vegas, inda yake gasarsa tun 2009, amma wanda ya ga 'yan kallo a shekarun baya sai ya ɗauka garin jami'ar Gonzaga ne.

Yadda mamayar ke faruwa kuwa a tikiti take. Ana sayar da shi ne kashi-kashi, kowane kashi wasa biyu, sai a fitar da jama'a a shigo da na gaba. Jami'o'i kan sayar wa manyan masu ba su gudummawa kundin tikitin gasar baki ɗaya. Da an fitar da ƙungiya ranar Alhamis, magoya bayanta sai su kakkaɓe sauran tikitin su kama hanya, mai saye kuwa shi ne wanda gidansa ke kusa, ko wanda ya riga ya kama otal har Lahadi. Saboda haka rabon da aka yi daidai wa daida ranar farko, kafin wasan ƙarshe ya koma launi ɗaya.

Zagayawar ma tana da nata ciwon kai. Big Ten ta kai gasarta Madison Square Garden a 2018 don neman kasuwar New York, amma da yake makon na Big East ne, sai ta yi tata mako guda kafin lokaci, ta matse jadawalin kaka. An yi ta kukan cewa dogon zama zai sa ƙungiyoyin su yi sanyi, sai ga Michigan da ta ci kofin ta kai har wasan ƙarshe na ƙasa. A ACC kuwa tsohuwar rigima ce: jami'o'i huɗu na rukunin ne a jihar North Carolina, shekaru 13 na farko ma daga 1954 a ɗakin NC State aka yi gasar, daga baya Greensboro, ita ma a jihar, ta fi kowane gari karɓar ta. A 2017 kocin Syracuse na lokacin, Jim Boeheim, ya fito fili ya ce bai ga amfanin yin ta a Greensboro ba, mutanen garin kuwa suka yi masa ca. Yanzu da ACC ta ɗauko California da Stanford, Big Ten kuma ta ɗauko UCLA, USC, Oregon da Washington a 2024, babu garin da za a zaɓa wani bai yi doguwar tafiya a jirgi ba.

Tambaya: Ni mace ce mai son ƙananan jami'o'i. Wane tsari ne ya fi yi wa zakaran kaka adalci?

Amsa: 'Yar'uwa, mu dai mun fi karkata ga tsarin America East da Patriot League, inda kowane wasa a ɗakin wanda ya fi matsayi ake yin sa. Ribar gida tana nan, amma da gumi aka saye ta, kuma hakan na sa wasan Janairu ya yi daraja. Rukunin ma yana da buƙatar gwaninsa ya fita, don duk wasan da wakilinsa ya buga a gasar ƙasa yana jawo masa kaso ɗaya na kuɗi, wanda jimillarsa ta kai wajen dala miliyan biyu, ana biya cikin shekara shida. Wakili mai ƙarfi ya fi yiwuwar cin wasa ɗaya ya ninka kason.

Tsarin yana da tsada ta wata fuskar. Ba a sanin inda za a yi wasa sai saura kwana biyu ko uku, don haka tikitin jirgi da motocin gidan talabijin duk a gurguje ake shirya su. Sau da yawa makon yakan faɗa cikin hutun tsakiyar zango, ɗaliban da ake taƙama da ihunsu sun tafi gida. Babu kuma taron gari ɗaya da masu talla ke so. Rukunin West Coast ya bi wata hanya: wuri na 'yan ba-ruwanmu, amma jadawalin kamar tsani, na ɗaya da na biyu sai a wasan kusa da na ƙarshe suke shigowa, nasara biyu ta ishe su.

Kada kuma ki ɗauka gida laya ce. A 2018 Vermont ta ci wasa 15 cikin 16 na America East, aka yi wasan ƙarshe da jami'ar UMBC a ɗan ɗakinta na Patrick Gym, cike maƙil da mutanenta. Ana 62 da 62, Jairus Lyles na UMBC ya tsaya daga bayan layi ya saki jifa mai maki uku, saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ɗakin ya yi tsit. Kwana shida bayan haka UMBC ta ci Virginia 74 da 54 a gasar ƙasa, karo na farko da mai lamba 16, wato ta ƙarshe a shiyyarta, ta fitar da mai lamba 1 a gasar maza.

Tambaya: Shin kwamitin zaɓe yana la'akari da inda aka buga wasa? Kuma a gasar ƙasa ana barin ƙungiya ta buga a ɗakinta?

Amsa: Yana yi, da ma'auni a rubuce. Tun kakar 2018/2019 ake amfani da jerin NET, wanda ke ba kowace ƙungiya lamba bisa ƙarfinta, kuma an kasa wasanni aji huɗu. Nasara tana shiga aji na ɗaya idan ka ci mai lamba 1 zuwa 30 a gidanka, ko 1 zuwa 50 a filin da ba na kowa ba, ko 1 zuwa 75 a gidansa. Aji na biyu kuwa 31 zuwa 75 a gida, 51 zuwa 100 a filin da ba na kowa ba, 76 zuwa 135 a waje. Ga inda gizo ke saƙa: idan Kansas ta ci mai lamba 45 a Lawrence, aji na biyu ne, idan ta ci shi a Kansas City gaban kusan mutanen nan dai, aji na ɗaya ne, don a takarda filin ba na kowa ba ne. Wannan ƙorafin ya fi na usur tushe, amma ba a cika jin magoya baya suna ta da shi ba.

A gasar ƙasa ta maza ba a tura ƙungiya ɗakinta, ko ɗakin da ta buga fiye da wasa uku na kaka a cikinsa, ko inda jami'arta ce mai masaukin baƙi. A dā babu wannan shingen, NC State ta ɗauki kofin 1974 ba tare da ta fita daga jiharta ba. Akwai 'yar kafa a wasannin share fage da ake yi a Dayton: a 2015 jami'ar Dayton ta faɗo cikinsu, ta ci Boise State 56 da 55 a ɗakinta. A gasar mata kuwa da gangan ake ba da gidan, tun 2015 ƙungiyoyi 16 na sama ne ke karɓar zagaye biyu na farko a ɗakunansu.